Daga Kakalaba Zuwa Ruwan Mokwa: Hirar Damina a Tsakar Gidajenmu

Mutanen da ba su da takardar haihuwa, amma lissafin shekarunsu bai taɓa ɓace musu ba. In ka tambayi tsohuwa yaushe aka haife ta, sai ta ce maka tana goye aka yi yunwa kaza, ko kuwa an ɗaura mata aure da kakar da fāra ta cinye gero. Dattijo kuma ya ce shekarar da aka sa shi makarantar allo ita ce shekarar da rijiyoyin garinsu suka ƙafe. Da damina da fari suke auna rayuwarsu. Duk muguwar shekarar da ta zo ta wuce, sai sun raɗa mata suna kamar yadda ake raɗa wa jariri. Sunan nan shi ke zama a bakin uwa, daga bakinta ya faɗa kunnen ɗanta, shi ma ya girma ya ba nasa 'ya'yan.

Yau maganar sauyin yanayi ta cika rediyo da waya, har wasu na ɗaukarta zance ne na 'yan boko da manyan tarurrukan ƙasashen waje. To, mu Hausawan Gwada ya kamata mu san cewa hirar ruwan sama da rashinsa tsohuwar hira ce a gidajenmu, kuma iyaye mata da kakanni su ne malamanta na farko. Da yawa daga cikinmu ma ba don canjin damina ba, da ba a nan aka haife mu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda magabatanmu suka yi wa 'ya'yansu wannan hira, mu ga abin da ya rage a hannunmu, da abin da ya kamata mu ƙara.

Shekarun da aka raɗa wa suna

Tun kafin zuwan Turawa ana ajiye labarin yunwa a ƙasar Hausa. Tsohon littafin nan na tarihin sarakunan Kano ya ambaci yunwar da aka yi ta shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wajen shekara 400 ke nan da suka wuce. Ya kuma ambaci wata a zamanin Alwali, sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi. Kun ga ashe fari ba baƙo ba ne a ƙasarmu ta asali.

Wadda ta fi zama a bakin kakanninmu ita ce Kakalaba. A littattafan makaranta, 1914 ita ce shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, lokacin da Zungeru, nan kusa da mu, take hedkwatar Arewa. A tsakar gida kuwa 1914 shekarar Kakalaba ce. Daminar 1913 ta zo da ƙarancin ruwan da ba a saba gani ba, gero da dawa suka bushe a gona tun daga Kano da Katsina har Damagaram. Kafin damina ta zagayo rumbuna sun ƙare. Mutane suka riƙa fasa gidan tururuwa don su kwashi ɗan hatsin da ta tara, suna cin 'ya'yan ƙarangiya da ganyayen da a da ko akuya ba a ba. Dubun-dubatar mutane suka rasu a lardin Kano kaɗai, wasu kuma suka yi kudu neman abin da za su ci.

Ba rashin ruwa ne kaɗai ya kawo wannan asara ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ta layin da ya taso daga Baro ya ratsa Minna, sai cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma da yawa suka ba ta filin da a da hatsi ke ci. Ga kuma harajin Turawa da ake biya da kuɗi, wanda ke tilasta wa magidanci sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ba shi da daraja. Wani masani Bature, Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina yana tattara bayanin tsofaffi, ya fitar da littafi a 1983 inda ya nuna cewa fari daga sama yake zuwa, amma yadda ake mulki da kasuwa shi ke sa ya zama yunwa. Tsofaffinmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi.

Bayan Kakalaba sai Mai Buhu a 1927, wadda ta samo sunanta daga hatsin da aka riƙa kawowa cikin buhuna. A farkon shekarun 1930 fāra ta yi ta zuwa shekara bayan shekara. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi 'Yar Gusau, domin can mutane suka riƙa nufa neman hatsi, a daidai lokacin da gwamnatin Turawa ke karɓar hatsi da ma'aikatan tilas don haƙar kuza a Jos. Sunayen sukan bambanta daga gari zuwa gari, yunwa ɗaya ta yi suna uku ko huɗu, amma kowane gari ya riƙe nasa.

Abin da ke cikin sunan

Mene ne amfanin ba yunwa suna? Ai suna shi ne marikin labari. Uwa ba za ta ce wa yaro daminar 1913 ta gaza da kashi kaza ba. Amma in ya zubar da tuwo, sai ta ce, “Kai yaron nan, da ka ga Kakalaba da ko ƙanzo ba ka bari ba.” Yaro kuwa sai ya tambaya, “Inna, mece ce Kakalaba?” Shi ke nan, ƙofar hira ta buɗe. Daga nan zai ji yadda aka yi, da abin da aka ci, da wanda ya taimaki wani, da gidan da ya tsira don maigidan bai taɓa rumbun ajiya ba.

A cikin irin wannan hira yaro ke koyon abubuwan da ke ceton rai. Yakan san cewa ba a taɓa iri komai tsananin yunwa, kuma magidancin kirki ba ya buɗe hatsin bana sai na bara ya ƙare. Yarinya takan koya daga uwarta wane ganye ake ci, tafasa ce ko yaɗiya ko rama ko zogale, da yadda ake jiƙa abu mai ɗaci a yi ta sauya masa ruwa har ya ciyu. Takan ga dalilin da ya sa uwarta ke kiwon 'yar akuya ko tunkiya a bayan ɗaki, don ranar da mudu ya yi tsada. A makarantar allo kuma malam ya kawo musu ƙissar Annabi Yusufu, yadda aka tara abinci a shekarun wadata bakwai saboda shekarun ƙunci bakwai, sai yaro ya ga ashe tanadi da tawakkali tare suke tafiya.

Har alamomin sama ana koya wa yara a tsakar gida. Zuwan shamuwa na nuna damina ta kusa. Gawo na zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke yin kore. Ana duban taurarin nan kaza da 'ya'yanta, ana lura da ranar da iska ta juyo daga kudu. Sunayen mutane ma suna ɗauke da lokaci: Anaruwa wanda aka haifa ana ruwa, Nomau wanda ya zo da lokacin noma, Marka wadda aka haifa cikin marka. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, kafin ya riƙe fartanya ya riga ya san damina ba ta da alkawari.

Farin da ya turo mutane kudu

Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a ƙasar Hausa, har noma ya yi nisa zuwa arewa, cikin filayen da a da na makiyaya ne. Daga wajen 1968 ruwa ya fara ja da baya, abin ya kai maƙura a 1972 da 1973. Shanu suka yi ta faɗuwa a kan hanya, Buzaye da Fulani da manoman Nijar suka cika Kano da Sakkwato da Katsina, jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian suka yi ta buga labarin. A Nijar, yadda aka tafiyar da abincin agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, daga nan dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga wani. A 1983 ciwon bushiya ya kashe shanu masu yawa, daminar 1983 da ta 1984 kuma suka gaza. Mutanen Nijar suka sa wa yunwar 1984 suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakokin Nijeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a watan Afrilun shekarar, hatsin da suka saba samu daga wannan ɓangare ya yanke. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, ya ƙanƙance zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun 1980.

A lokacin an ɗora laifin a kan talaka, wai sare itace da yawan kiwo ne suka kori ruwa. Daga baya masana suka gano cewa babban dalilin yana can nesa: canjin ɗumin ruwan manyan tekuna, da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, su suka raunana iskar da ke kawo mana damina. Sare daji yana da tasa ɓarnar, amma ba manomin Daura ne ya hana ruwa sauka a Afirka ta Yamma ba.

Waɗannan shekaru sun ƙara turo mutane zuwa ƙasashen da ruwa ya fi yawa. Minna na samun ruwan da ya kai wajen milimita 1,200 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Katsina ke samu, damina kuma takan kama daga Afrilu har Oktoba. Mai cin rani da ya saba komawa gida da faɗuwar ruwan fari, sai ya ga gara ya ɗauko iyali. A unguwarmu kowane gida da tasa hanyar: wasu fatauci ya kawo kakanninsu, wasu aikin layin dogo, wasu almajiranci, wasu cinikin doya, wasu kuwa fari ne ya koro su. Masu masaukinmu Gbagyi suka ba da wurin zama da na noma. A wurinsu muka ga yadda ake tada kunyar doya, muka koyi lissafinta da ƙwarya, har kasuwar Gwada ta zama inda manyan motoci ke lodi zuwa Arewa da Kudu.

A nan ne tsohuwar hirar ta fara yin sanyi, kuma da dalili. Yaron da aka haifa a ƙasar doya, yana ganin kogin Kaduna da tafkin madatsar Shiroro da aka buɗe a 1990, in ka ce masa fari sai ya ji kamar tatsuniya. Rumbu ya koma buhu a shago, hirar dare ta koma kallon fim a waya, tsofaffin da suka ji Kakalaba daga bakin waɗanda suka gan ta kuma sun yi ƙaranci. Aka ɗauka cewa matsalar can arewa aka baro ta.

Yanzu ta ruwa take zuwa

Abin da ke faruwa a zamaninmu ya bambanta da na kakanni ta fuska ɗaya babba. Su, muguwar shekara takan zo ta wuce, al'amura su koma yadda suke. Yanzu ma'aunin ne kansa ke gusawa. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu da motoci, iskar kabon da ke fita tana taruwa a sama, tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu yawanta kashi 280 ne cikin miliyan, yau ta haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma tana cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa.

Mun ji abin a jikinmu da azumin 2024, lokacin da zafi ya addabi Afirka ta Yamma, har garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu. Zafin kuma shi ke sauya ruwa. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi, tana iya ɗaukar ƙarin laima kamar kashi 7 cikin 100, don haka in hadari ya tashi saukewa sai ya juye da yawa a lokaci guda. Wani bincike da aka fitar a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku. Manomanmu ba su buƙatar tauraro kafin su shaida: ruwa ya sauka a yi shuka, ya ɗauke mako biyu ko uku tsiro ya ƙone, daga baya kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya ya kwashe taki da kunya.

Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, jiharmu na cikin waɗanda abin ya shafa. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. A watan Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ƙauyukan da ke ƙasan madatsun Kainji da Jebba da Shiroro kuwa, kusan duk shekarar da ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofi sai sun kwashe kaya.

Sai kuma Mokwa. Da asubahin 29 ga Mayun 2025, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ambaliya ta afka wa garin mutane na barci. An tsamo gawa fiye da 150 a kwanakin farko, wasu ɗaruruwa kuma aka neme su aka rasa, cikinsu da mata da ƙananan yara da almajirai. Unguwannin da abin ya fi ci su ne Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Wannan suna kaɗai ya isa ya sa mu tsaya mu yi tunani. Mutane ne irinmu, waɗanda iyayensu suka baro arewa suka zauna a bakin hanya suna neman halaliyarsu. Baƙo kuwa sau da yawa filin da ya rage shi yake samu, na gangare ko na bakin rafi, kuma bai gaji labarin inda ruwa ya taɓa bi shekara hamsin da suka wuce ba. Ruwan sama mai yawa ya haɗu da magudanan da suka toshe da gidajen da ke kan hanyar ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Me za mu gaya wa yara?

Ba sai uwa ta yi digiri za ta yi wannan hira ba. Hanyar kakanni tana nan: a jira abin ya taso da kansa, a kama shi. Yaro ya dawo daga makaranta yana kukan zafi, ko ya ji babansa na cewa an sake shuka karo na biyu, ko ya tambayi dalilin da ya sa ƙwaryar doya ta yi tsada bana. Nan ne wurin magana. In ya ce, “Kaka, da ma haka zafin yake kuna yara?” sai a gaya masa gaskiya, a ce a'a, ya ƙaru, ga kuma dalili: hayaƙin da duniya ke fitarwa ya yi wa sama bargo. Ɗan shekara bakwai zai gane wannan.

Wani zai ce ruwa na Allah ne, me ya kai mu binciken dalili? Haka ne, na Allah ne, kuma shi ya sa ake fita roƙon ruwa in ya ɗauke. Amma kakanninmu da suka fi mu tawakkali ba su bar gina rumbu ba. Wanda ya toshe kwalbati da shara, ruwa ya shiga ɗakin maƙwabcinsa, ai ba zai ce ƙaddara ce kawai ba. Yara na iya riƙe duka biyun, in dai mu manya ba mu nuna musu kamar suna karo da juna ba.

Akwai abubuwan da ya kamata kowane yaro a unguwar nan ya sani kamar yadda ya san sunan babansa. Ya san inda ruwa ke bi in ya yi yawa, da tudun da za a nufa in an tashe shi cikin dare. Ya san ba a ƙetare ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, ba a kuma wasa a kwalbati bayan an ɗauke ruwa. Yayyen da ke goyon ƙannensu su san cewa da bazara jariri na buƙatar inuwa da yawan shan nono, tsoho kuma a riƙa kai masa ruwa ba sai ya nema ba. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha saboda amai da gudawa, a kwana cikin gidan sauro. Malaman allo da ke riƙe da 'ya'yan mutane su dubi inda almajiransu ke kwana tun kafin marka. Mu kuma da ba a nan kakanninmu suka tashi ba, mu tambayi dattawan Gbagyi wane fili ne ruwa ya taɓa ci, kafin mu sa tubali. Su ke riƙe da tarihin wannan ƙasa kamar yadda muke riƙe da na Kakalaba.

Alamomin da aka gada ma yanzu suna buƙatar mataimaki, domin shamuwa na iya zuwa ruwa bai zauna ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da lokacin da zai ɗauke a kowace jiha. Yaron da ke da waya a hannu zai iya nemo wa babansa wannan, uban kuma ya gwada shi da abin da idonsa ya saba gani. A Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna akwai shirin WASCAL, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke karatu mai zurfi kan sauyin yanayi. Ba laifi 'ya'yanmu su san cewa irin wannan ilimi yana nan kusa da gida, kuma su ma suna iya kaiwa can.

Akwai wurin da ya kamata mu kiyaye harshe. Yaranmu sun ga 'yan gudun hijirar da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Shiroro zuwa nan Gwada, suna kuma jin zancen rikicin gona da kiwo. Gaskiya ne fari ya turo garkunan shanu kudu tun shekarun 1970, fili kuma ya ƙaranta ga kowa. Amma ta'addanci yana da nasa dalilan, ba a jingina shi ga damina, ba a kuma jingina shi ga wata ƙabila. Yaron da aka gaya wa cewa kakansa ma neman ruwa da abinci ne ya kawo shi nan, zai fi tausayin wanda ya zo bayansa.

Kada kuma hirar ta zama ta tsoratarwa kawai. Labarin Kakalaba da ake ba yara ba ya ƙarewa a kan gawa, yana ƙarewa ne a kan waɗanda suka tsira da yadda suka yi. Mu ma muna da irin wannan labari. Bayan yunwar 1984, manoman Maraɗi suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture lokacin sharar gona, sai a bar tohonsa biyu ko uku mafi ƙarfi, a riƙa gyara su har su zama itace. Dabarar ta bazu zuwa Damagaram da sauran wurare, har aka ƙiyasta ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar. Hausawa 'yan'uwanmu ne suka yi wannan, da adda da fartanya. Mu da muke zaune a jihar da kaɗanya ta fi yawa, muna kuma ganin buhunan gawayi na fita kullum, muna da abin koyi a nan. Uwar da ta ce wa ɗanta kada ya sare kaɗanya ko ɗorawa, ta gaya masa man kaɗe da daddawa daga nan suke fitowa, ta riga ta fara darasin. In aka yi haihuwa, a dasa wa jaririn mangwaro ko darbejiya a ƙofar gida, a ce nasa ne, shi zai riƙa ba shi ruwa in ya tasa.

Sauran tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu suna nan a cikinmu, a zaure da cikin gida, wasu ma su ke rainon jikoki in iyaye sun tafi kasuwa. Wannan dama ce da ba za ta daɗe ba. A sa yara su zauna gabansu su tambaya: daga wane gari muka taso, me ya taso mu, me kuka ci a shekarar, wa ya taimake ku? Mai waya ya ɗauki muryar ya ajiye. Mu kuma da muka ga 2012 da 2022 da ruwan Mokwa, namu ne mu ba waɗannan shekaru suna a bakinmu, mu riƙa ambatonsu a gaban yara tare da abin da aka koya daga cikinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran da ke wasa a ƙofar gidajenmu yau su ne za su yi noma da gini a cikin daminar da ta fi tamu wuyar sha'ani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu da zuri'armu daga fari da ambaliya.